Na'urar haɗa kafet mai zafafa tef ta sama: abin da na gani bayan wata takwas ina aiki da ita

Duk wanda ya taɓa shimfiɗa kafet daga bango zuwa bango ya san cewa idan an gama aiki, idon mai gida ba ya tsayawa a kan faɗin ɗakin, yakan zarce ne wurin da aka haɗa ƙyalle biyu. Kafet yana fitowa daga masaƙa da faɗi ƙayyadadde, galibi ƙafa 12 ko 15, wato mita 3.66 ko 4.57, wasu kamfanonin kuma suna yin na mita 4 ko 5, saboda haka da zarar ɗaki ya zarce wannan faɗi, haɗi ya zama dole. Na shafe shekaru ina yin wannan haɗi da dutsen guga na musamman wanda ake turawa a ƙarƙashin kafet, a kan tef mai gam, kuma a kan kafet mai laushi mai dogon gashi ban taɓa samun abin ƙorafi ba. Wata takwas da suka wuce na sayi na'urar da ke zafafa tef ɗin daga saman kafet, ba don komai ba sai don nau'o'i uku da suka daɗe suna cinye mini lokaci: kafet mai zobba wanda ba a yanke kan zarensa ba, da kafet mai zane, da kuma mai gajeren gashi wanda ba ya ɓoye ko da ƙaramin kuskure. Hukuncina a kanta shi ne, kwalliya ta biya kuɗin sabulu ga mai yawan aiki da irin waɗannan kafet, amma da sharuɗɗan da ya kamata a sani kafin a saya.

Wahalar dutsen guga a kan kafet mai wuya ita ce ƙarancin lokaci. Kana tura shi tsakanin bakunan biyu yana buɗa su kamar garma a cikin kunya, gam yana narkewa a bayansa, kai kuma kana da 'yan daƙiƙu ka mayar da bakunan su haɗu, ka daidaita zane, ka tabbatar babu zaren da ya faɗa cikin gam, duk kafin gam ɗin ya huce. Da zarar ya huce, bakin alƙalami ya bushe. Idan ka ga kuskure daga baya, gyaransa yana nufin sake cusa ƙarfe mai zafi a ƙarƙashin haɗin da ya riga ya kama, kuma da wuya a yi haka ba tare da an ɓata bakin kafet ba.

Ita wannan na'ura ba ta da farantin da ke zafi ko kaɗan. Tef ɗinta yana ɗauke da siririn shafin alminiyom a ƙarƙashin gam, na'urar kuma tana haifar da ƙarfin maganaɗisu mai saurin juyawa wanda ke ratsa kafet ya zafafa wannan shafi, kamar yadda murhun lantarki mai maganaɗisu ke zafafa tukunya alhali samansa bai ɗauki wuta ba. Ana shimfiɗa tef a tsakiyar haɗin, a rufe bakunan biyu a kansa yadda ake so su zauna har abada, sannan a ɗora na'urar a kan gashin kafet, a danna maɓalli, a jira ta gama zagayenta na 'yan daƙiƙu, a matsar da ita gaba gwargwadon tsawonta, a bi wurin da ta bari da rola. Babu hayaƙi, babu warin gam mai ƙonewa, babu gam da ke manne wa ƙarfe yana gogar zare. Abin da ya fi duk waɗannan muhimmanci a wurina shi ne, ina ganin haɗin a rufe daga farko har ƙarshe kafin in sa masa zafi.

Na fahimci darajar wannan a wani zauren taro da muka shimfiɗa wa kafet mai zanen lu'ulu'u, shuɗi a kan ruwan toka, inda haɗi ɗaya ya kai kusan mita 9. Kafet mai zane ba ya zuwa daidai daga masaƙa. Wani lokaci zanen yakan lanƙwashe a faɗinsa kamar baka, wani lokaci yakan karkata gefe guda, sau da yawa kuma tsawon maimaicin zanen yakan bambanta daga naɗi zuwa naɗi, har ma a cikin naɗi guda. Kafin mu yanka komai, na ƙirga maimaici goma a kan kowane ƙyalle na auna, sai na tarar ɗayan ya gaza ɗan'uwansa da kusan santimita 2. Tunda kafet ana iya miƙa shi amma ba a iya tsuke shi, sai muka fara shimfiɗa wanda zanensa ya fi tsawo, muka riƙa jan gajeren ya kamo shi. Muka daidaita zanen a tsakiyar haɗin, muka nufi bango ɗaya, sannan muka dawo tsakiya muka nufi ɗayan, domin wanda ya fara daga bango yakan tara dukkan bambancin ya kai shi ƙarshen ɗaki, inda babu sauran wurin gyara. Da ƙaramar na'urar ja mai haƙora muka riƙa matsar da kowane lu'ulu'u ya fuskanci abokinsa, muna kafe shi da ƙusoshin riƙo na wucin gadi da aka buga ta cikin guntun katako.

Da dutsen guga, duk wannan daidaitawa sai an sake ta taku bayan taku a bayan ƙarfen, domin wucewarsa kaɗai tana ture bakunan. A wannan rana kuwa haɗin yana kwance a rufe, tef yana ƙarƙashinsa da sanyinsa, na miƙe na je bakin ƙofa na duba shi daga inda baƙo zai fara ganinsa, na koma wajen taga na sake dubawa. Bayan mun zafafa kusan rabinsa, yaron da ke taya ni aiki ya durƙusa ya ce, "Maigida, wannan kusurwar ta ɗan goce." Gaskiyarsa ce, lu'ulu'u guda ya zame da abin da bai wuce kaurin tsinken ashana biyu ba, amma a kan shuɗi da ruwan toka ido yana kama shi daga nesa. Na mayar da na'urar kan wurin, gam ya sake narkewa, muka matsar da bakin da tafin hannu, muka bi da rola, muka ɗora katako. Gyaran bai ɗauke mu minti biyu ba. Wannan damar sake narkar da wuri guda ba tare da an taɓa na kusa da shi ba, ita ce babbar hujjar sayen na'urar, kuma ita ke sa gyaran tsohon haɗi ko sa faci a wurin da ya ƙone ya zo da sauƙi ƙwarai.

Sai dai na'urar ba ta yanka kafet, kuma a wurin yanka ake samun haɗi ko a rasa shi. Na ga masu sayenta da tunanin za ta rufe musu baƙin da suka yanka a karkace, alhali abin da take yi shi ne ta manne abin da aka ba ta yadda aka ba ta shi. Bakin da kafet ya zo da shi daga masaƙa ba a haɗi da shi, domin yakan sha matsa da gogayya a wurin naɗi da dako, saboda haka ana yanke aƙalla inci guda daga kowane gefe, fiye da haka idan gefen ya nuna alamar saki. A kan kafet mai zobba, hanyar da ta fi ita ce bin layin zare. Ana ɗaukar tsinke marar kaifi, ko sukudireba mai faffaɗan baki da aka goge kaifinta, a tura ta tsakanin layuka biyu daga farkon ƙyallen har ƙarshensa, ta buɗe hanya, sannan a bi wannan hanya da abin yanka na sama wanda rezarsa ke zaune a gefe guda. Dole ne rezar ta kasance a gefen da ke kusa da zaren da za a bari. Idan aka bar bayan kafet ya yi yawa a bakin, layukan biyu za su yi nesa da juna, haɗin ya fito kamar tsaga a kai. Idan kuma aka matsa har reza ta ci gindin zobban, layin gaba ɗaya zai saki. Ina sauya reza a kowane dogon yanka, domin wadda ta dakushe jan zare take yi maimakon ta yanke shi, kuma kuɗin reza ba ya kama ƙafar kuɗin ƙyallen da aka ɓata.

Akwai kafet ɗin da layukansa ba sa tafiya a miƙe, domin allurar masaƙa tana matsawa dama da hagu don a fitar da ado ko a ɓoye layi. A kan irin wannan tsinke ba ya samun hanyar bi, yakan tsallaka daga layi zuwa layi ba tare da mai shi ya lura ba. Nan sai a kife kafet, a yanka ta baya da miƙaƙƙen ƙarfe, ana sa reza ta ratsa bayan kaɗai ba tare da ta sare gashin ba, idan da zane kuma a yi wa wuraren maimaicinsa alama ta baya a haɗa su da layi. Kowace hanya aka zaɓa, ina gwada ta tukuna a kan guntaye biyu na kafet ɗin da za a shimfiɗa, kuma ina tabbatar da cewa gashin ƙyallen biyu yana kwance ta fuska guda. Kibiyar da ke bayan kafet tana nuna wannan, shafa shi da hannu ma yana nunawa. Ƙyallen da aka juya yakan fito da launi daban a ƙarƙashin haske ko da daga naɗi guda aka yanke su, kuma babu na'urar da ke maganin wannan.

Abu na biyu da na'urar ba ta ɗauke wa kowa ba shi ne toshe bakin da aka yanka da gam. Kafet ɗin da aka fi samu yau yana da baya hawa biyu: na farko shi ne wanda aka soka zare a cikinsa, na biyu kuma an manna shi a kan na farkon da gam ɗin roba don ya ƙara ƙarfi. Reza tana buɗe wannan gini ta gefe, tef kuma ƙasan baya na biyu kawai yake kamawa, bai san da zaren da ke bakin ba. An taɓa kira na gyara wani ofis inda aka yi haɗi mai kyan gani a kan kafet mai zobba amma ba a toshe bakin ba. Burushin injin shara ya kama zobe guda a bakin haɗin, ya ja shi, layin ya warware kamar ɗinkin buhu fiye da mita guda, ya bar fari fat na bayan kafet a tsakiyar hanyar wucewa. Na riƙe zaren a hannuna, a murɗe yake, kowane lanƙwasa yana nuna inda zobe yake a da, kuma babu ɗigon gam ko ɗaya a jikinsa. Aikin minti goma da aka tsallake ya jawo sauya ƙyalle guda.

Ana shafa gam ɗin toshiyar ne siriri, daidai kaurin baya biyun, a gindin zare, ba tare da ya hau gashin ba, domin wanda ya hau gashi yakan taurare ya riƙa kama datti har haɗin ya zama baƙin layi. Ni na fi amfani da na roba mai kama da madara, in matse shi da ɗan yatsa ya shiga, in bar shi ya sha iska har ya daina kama hannu kafin in rufe bakunan. Akwai kuma wanda ake narkarwa da bindigar gam. Cibiyar kafet da darduma ta Amurka, wato CRI, mai hedikwata a garin Dalton na jihar Jojiya, ta sa toshe bakin haɗi cikin ƙa'idojinta na shimfiɗa, CRI 104 na wuraren kasuwanci da CRI 105 na gidaje, kuma da yawa daga irin wannan gam ana sa musu sinadarin da ke haskawa a ƙarƙashin fitilar bincike mai shuɗin haske, don mai duba aiki ya gane ko an shafa ko ba a shafa ba. A nan na'urar tana da wani ɗan amfani da ban zata ba: tunda babu ƙarfen da zai bi ta tsakanin bakunan, gam ɗin toshiyar yana zama inda aka sa shi, ba a goge shi.

Batun zafi ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne bambancin kayan aikin biyu ya fi fitowa a kan kafet mai zobba. Da yawa daga irin wannan kafet zarensa na folifurofilin ne, bayan mafi yawan kafet ma da shi ake yi, kuma wannan roba tana narkewa a wajen digiri 160 zuwa 165 a ma'aunin Salsiyas, tana fara laushi da tsukewa tun kafin a kai nan. Nailan ya fi ta juriya nesa ba kusa ba, domin nau'insa guda yana kai wajen digiri 220, ɗayan kuma wajen 260, ulu kuwa ba ya narkewa, sai dai ya babbake. Dutsen guga yana zafafa tef ta ƙasansa, amma samansa ma yana da zafi, kuma a kan wannan saman ne bayan kafet ke gogawa yayin da ake tura shi. Garkuwar da ake sa masa tana ragewa, ba ta hanawa gaba ɗaya. Mai gaggawa yakan ƙara wuta don ya yi sauri, sakamakon kuwa shi ne baki mai lanƙwashewa sama, ko layin da launinsa ya ɗan sauya a tsawon haɗin, wanda ba ya komawa. Da sabuwar na'urar zafin yana tashi ne daga cikin tef, ya ratsa gam kafin ya iso bayan kafet, kuma a cikin wata takwas ban ga baki guda da ya tsuke ba. Gashin yakan yi ɗumi kaɗan a hannu, shi ke nan.

Duk da haka, kada a ɗauka ta kawar da tashin haɗi, wato ɗan tudun da ke bayyana a tsawonsa bayan an miƙe kafet. Wannan tudu ba daga zafi kaɗai yake zuwa ba. Idan aka ja kafet ta faɗin haɗin, ƙarfin jan yana bi ta cikin bayan kafet, da ya iso haɗin sai ya sauka cikin tef da ke ƙasa, tef ɗin kuma ya ɗago yana neman daidaita da layin jan, ya tura bakunan sama. Ƙa'idar CRI ta ce kafet mai bayan roba a miƙe shi da na'urar miƙewa aƙalla kashi 1 cikin ɗari a tsawo da faɗi, saboda haka ba a guje wa jan, sai dai a sarrafa shi. Abin da nake yi shi ne in fara miƙe kafet a tsawon haɗin, in yi haɗin a kan faffaɗan katako mai santsi maimakon a kan soson ƙasa mai lotsawa da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin kafet, in bar shi ya huce sarai kafin in ja ta faɗinsa. Masu dutsen guga suna da tef mai faɗin inci 6 wanda ke baza ƙarfin jan, kuma a kan kafet mai taurin baya har yanzu nakan koma gare shi. Wurin da aka sa haɗin ma yana da nasa tasiri: wanda ya bi hanyar hasken taga ba ya jefa inuwa, wanda hasken ya gitta kuwa ko tudunsa bai kai kaurin takarda ba sai an gan shi da yamma. Haka nan ana so haɗi ya bi hanyar da ƙafa ta fi bi a tsawonta, kada kuma ya nufi bakin ƙofa a tsaye.

Rola da abin dannewa ƙananan abubuwa ne da ke ɓata babban aiki. Rola mai haƙora tana da kyau a kan kafet mai zobba, amma a kan mai yankakken gashi tana iya warware murɗin zaren yayin da yake da ɗumi, ta bar layi mai gashi-gashi, don haka can mai santsi ake so. Abin dannewa kuma ya zama katako. Akwatin kayan aiki na ƙarfe yana tare zafi da gumi a ƙarƙashinsa, ya kwantar da gashin kwanciyar da ba ya tashi.

Yanzu ga inda na'urar ta gaza, kuma ba ƙananan wurare ba ne. Na farko, a kan dogon haɗi miƙaƙƙe na kafet mai sauƙi, ƙwararren mai dutsen guga zai riga ni gamawa, domin shi tafiya yake yi ba tsayawa, ni kuwa ina ɗorawa, ina jira, ina matsarwa. Na biyu, ba ta aiki sai da tef ɗinta mai alminiyom, wanda ya fi na yau da kullum tsada, kuma ranar da ya ƙare maka a tsakiyar aiki na'urar ta zama kaya kawai. Na uku, tana son wuta mai ƙarfi da ba ta rawa. Da doguwar wayar jona wuta siririya na ga gam ya narke rabi da rabi, sai da na koma gajeriyar waya mai kauri abin ya daidaita. Na huɗu, duk ƙarfen da ke kusa da hanyarta yana iya ɗaukar zafi ko ya janye ƙarfin da ya kamata tef ya samu, saboda haka ƙusoshin riƙo sai an nisanta su daga layin, soson ƙasa mai shafin ƙarfe kuma sai an raba shi da tef da katako. Saboda wannan ƙarfin maganaɗisu, duk wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya ya nemi shawarar likitansa kafin ya kusance ta.

Wanda ya fi damuna shi ne na biyar: ba ka ganin gam. Mai dutsen guga yana kallon gam yana narkewa a bayan ƙarfensa, idan bai yi ruwa sosai ba ya rage sauri, idan ya fara hayaƙi ya rage wuta, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Da wannan na'ura komai yana faruwa a ɓoye a ƙarƙashin kafet. Idan ba ta zauna daidai tsakiyar tef ba, gefe guda zai kama, ɗayan ya zauna a sake, kuma daga sama haɗin zai yi kyau har ranar da aka miƙe shi. Idan ka matsar da ita fiye da tsawonta, za ka bar tazarar da ba ta narke ba tsakanin zama biyu. Kafet mai kauri sosai yana nisanta na'urar daga tef, daɓen siminti mai sanyi kuma yana shanye zafin ta ƙasa, duka biyun suna bukatar a ƙara mata matakin zafi. Na ɗauki kusan mako uku kafin hannuna ya saba, kuma a cikin waɗannan makonni na riƙa sa guntun tef ɗin takarda a kan kafet ina yi wa tsakiyar haɗin da ƙarshen kowane zama alama. Har yau ina yin haka a kan kafet mai duhu.

Akwai kuma kafet ɗin da ba na kai ta wurinsa. Saƙaƙƙen kafet irin Axminster da Wilton, waɗanda suka samo sunansu daga garuruwa biyu na Ingila, gashinsu da bayansu tare aka saƙa su, idan aka yanka su ta faɗi zaren yakan zube nan take sai an riga an toshe layin yankan da gam, kuma ga mai tsada a cikinsu ɗinkin hannu da lanƙwasasshiyar allura da zaren lilin mai kakin zuma har yanzu shi ne abin da na fi amincewa da shi, domin yana miƙewa tare da kafet ɗin ba ya tashi. Na zaren sisal, wato zaren da ake samu daga ganyen wani tsiro, da danginsa kuwa galibi manne su ake yi a daɓe gaba ɗaya, ruwa yana bar musu tabo, bakinsu yana warwarewa da wuri, aikinsu na reza ne da gam, ba na tef ba. Haka duk kafet ɗin da za a manne kai tsaye a ƙasa, haɗinsa ba ya bukatar ko ɗaya daga kayan zafin nan biyu.

Wani abu da ya shafi kowane irin haɗi shi ne yanayin ɗakin. Kafet mai sanyi yana da tauri, ba ya miƙuwa, zanensa ba ya jawuwa, bakinsa kuma yana riƙe lanƙwasar naɗi. Ƙa'idar CRI ta sa zafin wurin aiki tsakanin digiri 18 da 35, kuma ina warware kafet in bar shi ya kwana a ɗakin kafin in sa masa reza. Tun da na fara aiki da na'urar na ƙara kiyaye wannan, domin matakin zafin da ya yi daidai da rana yakan gaza da sassafe a kan daɓe mai sanyi.

Ga wanda mafi yawan aikinsa kafet mai laushi ne na ɗakunan kwana, dutsen guga mai garkuwa da tef mai kyau sun ishe shi, kuɗin na'urar ya fi amfani a sa shi a na'urar miƙewa mai inganci idan ba shi da ita. Ga mai aikin otal da ofis da zaure, inda zane da zobba suka fi yawa, da mai yawan gyara da faci, da mai aiki a gidan da mutane ke ciki waɗanda hayaƙi ke damu, ina ba da shawarar sayenta ba tare da shakka ba. Ni dai ina tafiya da duka biyun, kuma kafin in taɓa kafet ɗin mai gida da kowannensu ina yin gwaji guda. Ina haɗa guntaye biyu masu tsawon kamu biyu a kan daɓen da za a yi aikin, da matakin zafin da nake niyyar amfani da shi, in bar su su huce, in kife su, in kama kusurwar tef in ɓanɓare shi da ƙarfi. Idan ya taso da sauƙi, gam yana sheƙi a jikinsa da layukansa yadda suka zo, zafin bai isa ba, sai in ƙara mataki in sake. Idan ya yi gardama, gam ya shiga cikin saƙar bayan kafet daga gefe zuwa gefe har yana tahowa da zarenta, to da wannan mataki zan yi haɗin ranar.